Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Gwanintar Jagoran Jirgi a Bakin Tekun Legas

Mutanen Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jigawa, ba baƙin Legas ba ne. Wasu na kasuwar Mile 12 suna sauke kayan gwari, wasu na Agege wajen shanu da goro, wasu kuma direbobin tirela ne da suka sha kwana a layin Apapa. Sai dai da wuya ka sami wanda ya ware yini guda don kallon tashar jiragen ruwan ita kanta, alhali kallo ne mai ƙayatarwa, kuma ba ya cin kuɗi da yawa. Ana iya tsayawa a bakin Marina, wajen CMS, a hango ƙugiyoyin Apapa a tsallaken ruwa suna ɗaga kwantenoni. Wanda kuma ba ya tsoron ruwa sai ya shiga ƙaramin jirgin fasinja zuwa Tarkwa Bay, inda tsohuwar hasumiyar fitila take tsaye tun ƙarshen ƙarni na 19, ga kuma ganuwar duwatsu ta miƙe cikin teku. Nan ce ƙofar Legas ta ruwa. Duk jirgin da zai shiga Apapa ko Tin Can ta wannan mashigi zai bi, ya wuce sannu a hankali har ana iya karanta sunansa da na garin da aka yi masa rajista.

Mai kallo yakan shagala da girman jirgin, ya manta bai tambayi wanda ke shigo da shi ba. In ma an tambaye shi, cewa zai yi kyaftin. To, kyaftin na nan a ɗakin tuƙi, amma muryar da ke cewa a karkata dama ko hagu, a ƙara wuta ko a rage, ba tasa ba ce. Ta wani ma'aikacin Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ce, wanda bai daɗe da hawa jirgin ba, wataƙila ma bai taɓa ganinsa ba sai yau. Shi ne jagoran jirgi, wanda ma'aikatan tasha ke kira failot. Kyaftin ya ratso tekuna daga Sin ko Turai ko Barazil, ya yi makonni yana ba da umarni ba mai musa masa, amma da ya iso bakin Legas sai ya saurari ɗan gari. Doka ce ma ta wajabta wa manyan jirage hakan, a Legas da kusan kowace babbar tasha a duniya.

Fataken zamanin da ba za su yi mamakin wannan tsari ba. Ayarin Gwanja yana da madugu, wanda ragamar tafiya da amanar dukiya ke hannunsa, yana kuma da jagaba, wanda ya san inda rijiya take, da inda kogi ke ƙetaruwa, da inda 'yan fashi ke kwanto. Kyaftin shi ne madugu. Hawan jagora bai sauke shi daga muƙaminsa ba: in abu ya ɓaci shi za a fara tuhuma, kuma yana da ikon karɓe tuƙi in ya ga ana neman kai su ga halaka. Mashigin Panama ne sanannen wurin da ya fita daban, don a can jagora ke karɓar ragamar tuƙin gaba ɗaya.

Wannan aiki ya shafi manomin kudancin Jigawa fiye da yadda zai zata. Riɗin da ake aunawa a kasuwar Sara ko ta Babaldu, da zoɓon da mata ke ɓarewa a tsakar gida, ba duka ake cinye su a ƙasar nan ba. Riɗi na tafiya Japan da Sin da Turkiyya, zoɓo na tafiya Meziko, kuma bayan tafiyar fiye da kilomita 1,000 a bayan mota, galibinsu sai sun bi ta wannan ƙofa. Ta nan kuma alkamar burodi, da kifin ƙanƙara, da babura, da injinan ban-ruwa ke shigowa.

Bakin da ba ya shiguwa

Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, babban jirgi ba ya shiga Legas sam. Inda tafkin Legas ke haɗuwa da teku akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, wanda igiyar ruwa ke fashewa a kansa, kuma ba ya zama wuri ɗaya: inda aka bi bara, bana ya toshe. Jiragen Turawa can nesa suke sakin anka, a riƙa juye kaya da fasinja cikin ƙananan jirage masu iya tsallake tudun. Kwalekwale da yawa sun kife a nan, mutane da kaya sun salwanta. A Ankara ta ƙasar Gana ma haka ake fama, inda matuƙa kwalekwale na gaɓar suka yi ta keta igiyar ruwa da filafili suna dakon kaya tsakanin jirgi da tudu, har sai da aka buɗe tashar Tema a 1962. Mutanen Kuru na Laberiya kuwa sun yi suna wajen aikin ruwa a duk gaɓar Afirka ta Yamma, har ya zama da wuya jirgi ya yi zirga-zirga a nan ba su a ciki.

Hausawa na da hannu a wannan tarihi tun da wuri. Daga ƙarshen ƙarni na 19, fataken goro suka fara gane cewa maimakon watanni a ƙasa da jakuna, ana iya ɗora huhunan goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Legas cikin 'yan kwanaki. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka bi wannan hanya suka yi arziki. Goro kuwa ba ya son zafi, ba ya son jinkiri, balle ruwan gishiri. Falken da ke tsaye yana kallon ana sauke huhunansa cikin ƙaramin jirgi a kan igiyar ruwa, ya san dukiyarsa na hannun wanda ya san tudun nan.

Wajen 1907 aka fara maganin abin. Aka riƙa fasa dutse a Aro, kusa da Abekuta, jirgin ƙasa na kawowa, ana zubawa cikin teku har aka miƙe ganuwa biyu, ta gabas da ta yamma. Hikimar ita ce a matse bakin, yadda ruwan da ke fita daga tafki zai yi ƙarfin wanke yashi da kansa, a kuma tare wanda teku ke turowa daga yamma, jiragen yasa su ƙarasa sauran. Ranar 1 ga Fabrairu, 1914, wata ɗaya cur bayan haɗe Kudu da Arewa, jirgin wasiƙu mai suna Akoko ya shigo har cikin tashar Legas. Kafin nan layin dogo ya riga ya isa Kano a 1911, gyaɗa ta fara gangarowa. A 1921 aka fara ginin dakalin Apapa, aka gama matsaya huɗu na farko a 1926, inda buhunan dalar gyaɗa ta Kano suka riƙa ƙarewa. Hukumar tashoshin ta fara aiki a 1955. A 1975 aka yi cunkoson siminti, lokacin da ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a wajen Legas, wasu har watanni, abin da ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977.

Teku dai ba ta bar bashin ba. Yashin da ganuwar ta tare ya taru a yamma, gabas kuma ta rasa, sai ruwa ya yi ta cin gaɓar Bar Beach shekara da shekaru, wurin da yanzu aka cike ake gina Eko Atlantic. Ganuwar ta buɗe ƙofa, amma ƙofa ce matsattsiya, mai ruwa da ƙarfi, kuma jirage sai ƙara girma suke yi. Shi ya sa aikin jagora bai ragu ba, ƙaruwa ya yi.

Tsani

Aikin yana farawa da abin da ya fi komai haɗari, wato hawa jirgin. Jirgin da ke neman jagora yakan ɗaga tuta mai ratsin rawaya da shuɗi, ko da yake yanzu da rediyon oba-oba ake shirya komai. Jagora zai fito a ƙaramin jirgi mai gudu, wanda da dare ake gane shi da farar fitila a sama, ja a ƙasanta. Babban jirgi ba ya tsayawa. Rage gudu yake yi, ya ɗan karkata don ya tare iska da igiyar ruwa da jikinsa, a sami ɓangaren da ruwa ya ɗan lafa. A wannan ɓangare ake sako tsani na igiya mai matakan katako, da wasu dogayen sanduna a tsakani don kada ya murɗe. Ƙa'idar duniya ta ce kada hawan tsanin igiya ya wuce mita 9. In jirgin ya fi haka tsawo, sai a haɗa masa da matakala.

Ƙaramin jirgi zai matso ya manna kafaɗa da jikin babban, su yi ta tafiya tare. Jagora na tsaye a goshi, da rigar kariya a jikinsa, jaka a baya, wani ma'aikaci na riƙe da shi. Igiyar ruwa na ɗaga su tana saukewa, matakin tsani yanzu yana daidai ƙirjinsa, an jima yana sama da kansa. Ba ya gaggawa. Yakan bar igiya biyu ko uku su wuce yana auna su, sai wadda ta ɗaga shi ƙololuwa, a daidai ɗan tsayawar da take yi kafin ta sauka, ya kama igiya da hannu biyu ya taka. In ya taka lokacin da jirginsa ke ƙasa, igiyar da ke biye za ta ɗago jirgin ta matse masa ƙafa da jikin ƙarfe. Da ya kama, matuƙin ƙaramin jirgi zai janye gefe, don in tsautsayi ya sa ya faɗo, ya faɗa ruwa, ba kan ƙarfe ba. Daga nan sai hawa, ba kallon ƙasa, ba sakin hannu sai ƙafa ta zauna. Haka ake yi da rana, haka da tsakar dare, haka cikin ruwan saman Yuli. Kusan kowace shekara sai an ji wani jagora ya rasa ransa a kan tsani a wani wuri a duniya.

Da isarsa sama, ana sauke waccan tuta a ɗaga mai rabi fari rabi ja, alamar akwai jagora a ciki. Numfashinsa bai gama daidaita ba zai isa ɗakin tuƙi, su gaisa da kyaftin, a miƙa masa takardar bayanin jirgi: tsawonsa, faɗinsa, zurfin da ya nutse gaba da baya, ƙarfin injinsa, da duk wani abu da ya lalace. Shi kuma ya shimfiɗa wa kyaftin tsarinsa: ga hanyar da za a bi, ga inda jiragen ja za su tarye su, ga gefen da za a jingina. Cikin 'yan mintoci, mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, kowa da harshen uwarsa, dole su yarda da juna a kan dukiya ta biliyoyi da rayukan mutane.

Abin da ba shi da birki

Jirgin ruwa ba shi da birki. Hanyar tsayar da shi ita ce a juya farfela baya, shi ma sai a hankali yake ji. Ƙa'idar Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya ta yarda jirgin da ke cikakken gudu ya ci tsawonsa har sau 15 kafin ya tsaya cak, wato mai mita 300 zai iya shafe kilomita huɗu da rabi. Don haka jagora ba inda jirgi yake yanzu yake tuƙawa ba, inda zai kasance nan da minti biyar yake tuƙawa. Umarnin da ya bayar a makare, ko da daidai ne, ya zama kuskure.

Sai mutum ya ce to a tafi a hankali mana. Nan ma akwai tarko. Abin da ke juya jirgi wani allon ƙarfe ne a bayan farfela, kuma ba ya aiki sai ruwa na dukansa da ƙarfi. In gudu ya yi ƙasa sosai, sitiyari ya zama ado, iska da ruwa su ɗauki jirgin su kai shi inda suka ga dama. Gwani yakan bi ta tsakiya: ya sa a karya sitiyari gaba ɗaya, ya ba inji wuta na ɗan lokaci don ruwa ya daki allon, jirgi ya fara juyawa, sai ya kashe wutar kafin gudu ya ƙaru. Kuma jirgi da bayansa yake juyawa. In goshi ya karkata dama, bayan ne ke sharar hagu da faɗi, don haka wanda ya zuba ido a goshi kawai zai daki abin da ya riga ya wuce. Yawancin jirage masu farfela ɗaya kuma, in aka ba su baya, sai gindinsu ya zame hagu. Sabon shiga yana ganin wannan aibi ne; tsohon hannu da shi yake juya jirgi a wuri matsattse.

Ruwa marar zurfi na da nasa halin. In jirgi na gudu, ruwan da ke matsuwa a ƙarƙashinsa yakan ƙara sauri, sai jirgin ya ƙara nutsewa, wani lokaci har fiye da mita guda, ya taɓa ƙasa a inda taswira ta ce zai wuce. In ya matsa kusa da gaɓa, gaɓar takan ture goshinsa ta tsotso bayansa. In jirage biyu suka gifta juna a kusa, su ma haka suke ture juna su jawo juna. Ga iska kuma: jirgin da aka jibga wa kwantenoni, ko mai dakon motoci, faffaɗan jikinsa duk iska yake tarewa, kuma hadarin farkon damina a Legas ba ya sallama.

Duk wannan lissafi a ka ake yinsa, a fitar da shi cikin gajerun kalmomi. Da Ingilishi ake magana, harshen da aka amince da shi a teku, kuma kowane umarni sai an maimaita shi.

"Dama, digiri 10."

"Dama, digiri 10," in ji mai riƙe da sitiyari. Da allon ya kai, ya sake cewa, "Yana dama 10."

"Tsakiya."

"Tsakiya."

"Riƙe haka."

Ba a ɗaga murya, ba a dogon bayani. Maimaitawar ita ce kariya: in an ji hagu a maimakon dama, tun a baki za a kama kuskuren, kafin ya kai ga ƙarfe.

Sanin wuri

Abin da aka lissafa zuwa yanzu kowane ƙwararren kyaftin ya san shi. Abin da bai sani ba, wanda saboda shi ake biyan kuɗin jagora, shi ne halin ruwan Legas. Teku na cika tana janyewa sau biyu a kwana guda, kuma wata ne ke jan ta: cikar ta fi yawa a tsayuwar wata da daren sha huɗu. A Legas bambancin bai wuce kimanin mita guda ba, amma ga jirgin da ya yi lodi har wuya, wannan mitar ita ce tsakanin shiga da kwana a waje. Da damina, in kogin Ogun da 'yan uwansa suka cika tafki, ruwan da ke fita ta tsakanin ganuwa yakan yi ƙarfi ainun, a waje kuma wani ruwan na gudu a gicciye, daga yamma zuwa gabas. Akwai daƙiƙun da goshin jirgi ya riga ya shiga inuwar ganuwa, bayansa kuwa yana waje ruwa na turawa. Jagora ya san daidai inda hakan ke faruwa, tun kafin a kai ya ba da sitiyarin da zai tare shi. Ya kuma san cewa ruwan tafki ya fi na teku ƙarancin gishiri, musamman da damina, kuma jirgi ya fi nutsewa a ruwan da ba gishiri.

Hanyar tana da alamomi masu yawo a kan ruwa, ɗaure da sarƙa: mai shigowa yana barin ja a hagunsa, kore a damansa. A nahiyar Amurka akasin haka ne, abin da kan rikita baƙo. Alama kuwa tana iya tsinkewa, fitilarta na iya mutuwa. Hazon hunturu, wanda mutumin Jigawa ya fi kowa saninsa, yana kaiwa har teku ya rufe gani. Akwai rada, akwai na'urar tauraron ɗan'adam, jagora da yawa ma da 'yar kwamfutarsu suke hawa, amma gwani ba ya sakin taga. Yana da nasa alamomin a tudu: in wancan dogon gini ya saitu da waccan hasumiya, jirgi na tsakiyar hanya, in suka fara rabuwa, ruwa na jan sa gefe, tun kafin na'ura ta faɗa.

Ga kuma jama'ar ruwa. Masunta na shimfiɗa taru a bakin hanya, jiragen fasinja na tsallakawa tsakanin Apapa da Marina, ga kwale-kwalen masu yashi, ga faffaɗan jiragen dakon kwantena da ake turawa. Akwai mushen tsofaffin jirage a ƙarƙashin ruwa, akwai kainuwa da kan mamaye tafki a lokacinta. Wanda zai shiga Tin Can kuma sai ya karya kwana zuwa yamma, cikin rafin Badagiri. Ba littafin da ya tattara duk wannan, don kullum canzawa yake. A ƙwaƙwalwar 'yan tsirarun mutane yake zaune, suna sabunta shi da kowace shiga da fita.

Taƙi ɗaya a daƙiƙa

Ƙarshen aikin shi ne jingina jirgi da dakali, kuma nan ne mai kallo daga nesa zai zaci ba abin da ke motsi. Jiragen ja, ƙanana masu ƙarfin tsiya, sun riga sun kama, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Jagora ya fito baranda a gefen ɗakin tuƙi, oba-oba a hannu, yana leƙen ƙasa. Gurbin da aka ba shi sau da yawa tsakanin jirage biyu yake, da 'yar rata gaba da baya. Zai kawo jirgi ya daidaita da gurbin, ya tsayar da shi, sannan a fara tura shi a gicciye. Gudun da ake so a taɓa dakali da shi bai kai taƙi ɗaya a daƙiƙa ba, domin nauyin tan dubu hamsin ko a wannan tafiyar ya isa ya fasa kankare in aka yi sake. Jami'in da ke goshi da na baya suna ta kiran ratar da ta rage: mita 20, mita 10, mita 5. Jagora na cewa na gaba ya tura kaɗan, na baya ya dakata, na gaba ya saki. Sai a wurga siririyar igiya mai dunƙulen kai, masu ɗauri su cafe, su jawo manyan igiyoyin da ita su rataya a turakun ƙarfe. In aikin ya yi kyau, wanda ke shan shayi a cikin jirgi ba zai san an iso ba. Jagora ya sa hannu a takarda, ya yi sallama da kyaftin, ya sauka ya nufi wani jirgin.

Ranar da abu ya ɓaci

Duniya ba ta cika tunawa da masu wannan sana'a ba sai an sami matsala. Ranar 23 ga Maris, 2021, jirgin Ever Given mai tsawon mita 400 ya gicciye a mashigin Suwez na Masar, da jagorori biyu a cikinsa. Iska mai ƙarfi, da gudu, da tsotson gaɓa suka haɗu, cikin 'yan mintoci goshi ya cake a gaɓa ɗaya, baya ya tokare ɗayar. Kwana shida hanyar na toshe, jirage fiye da 400 suka yi layi. Wannan ya nuna ƙanƙantar ratar da ke tsakanin gwaninta da abin kunya.

Ranar 26 ga Maris, 2024, kuma, wutar jirgin Dali ta ɗauke yana fita daga tashar Baltimo ta Amurka da tsakar dare, ya nufi ginshiƙin wata babbar gada ba inji. Jagororin da ke ciki suka sa a saki anka, suka nemi jiragen ja, suka kuma yi kiran gaggawa a tare motoci. Jirgin bai tsayu ba, gadar ta rushe, ma'aikata shida masu gyaran titi suka rasu. Amma 'yan sanda sun sami rufe gadar kafin karon, saboda wancan kira. A lokacin da ba sauran dabarar tuƙi, nutsuwar da ta sa mutum ya tuna da waɗanda ke kan gada ita ma cikin gwanintar take.

Renon jagora

Sana'ar tsohuwa ce. Ahmad bin Majid, gwanin tekun Larabawa, ya rubuta littafinsa kan hanyoyin ruwa da taurari wajen 1490. Vasco da Gama bai iya tsallakawa Indiya ba a 1498 sai da ya ɗauki jagora a Malindi, a gaɓar Kenya ta yau. Alhazanmu na da, waɗanda suka bi ta ƙasa har Sawakin a Sudan, a hannun masu sanin duwatsun Bahar Maliya suka tsallaka zuwa Jidda.

A yau hanyar doguwa ce. Yaro zai fara da makarantar koyon aikin jirgin ruwa, irin ta Oron a Jihar Akwa Ibom, da lissafi da kimiyya a hannunsa. Sai zaman teku, wata da watanni ba ganin gida, yana hawa matakan jami'in jirgi da jarrabawa a kowane mataki. In ya shiga aikin jagora, ya koma ɗalibi: zai yi ta bin manya yana tsaye a bayansu, shiga da fita, dare da rana, rani da damina, kafin a bar shi ya ba da umarni, babba na tsaye yana saurare. Lasisin farko na ƙananan jirage ne, girma na zuwa da shekaru. A Amurka akwai wuraren da ake ba mai neman lasisi farar takarda ya zana taswirar mashigin da ka, da zurfinsa da alamominsa. A Faransa kuwa akwai wani tafki, Port Revel, inda tun 1967 manyan jagorori ke zama cikin ƙananan jirage da aka ƙera daidai da manya, kashi ɗaya cikin 25, suna gwada abin da ba a isa a gwada da jirgin gaske ba.

Buƙatar irin waɗannan mutane ƙaruwa take yi. A Janairun 2023 aka buɗe tashar Lekki mai zurfin mita 16 da rabi, wadda ke karɓar jiragen da Apapa ba ta iya ɗauka. Kusa da ita akwai matatar man Alhaji Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata; shi Aliko kuwa a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya yi karatun sakandare. Manyan tankokin ɗanyen mai da ke zuwa matatar ba sa isowa gaɓa, can cikin teku ake ɗaure su, aikin da shi ma sai gwani. Kowane sabon wuri kuwa sabon karatu ne, don sanin Apapa ba ya sa a san Lekki.

Ƙugiya da jirgin ja da na yasa duk da kuɗi ake sayo su, tasha ma ana iya ba kamfanin waje kwangila ya gina. Jagora ne ba a sayowa. Sai an rene shi shekara goma ko fiye, rabi a teku, rabi a kan ruwan da zai yi wa aiki har ya tsufa. Ba a fafe gora ranar tafiya: waɗanda za su shigo da jiragen shekaru ashirin masu zuwa yanzu suna aji uku ko huɗu na sakandare, kuma ba abin da ya hana a sami 'yan Birnin Kudu da Gwaram a cikinsu, in an gaya musu akwai wannan aiki.